Buɗaɗɗiyar Manhaja a Na'urorin Rarraba Saƙonni na Cibiyoyin Bayanai

Idan mutum ya naɗi murya a WhatsApp daga Maraɗi ya tura wa ɗan'uwansa da ke ci-rani a Abijan, saƙon ba ya tsallakawa kai tsaye daga salula zuwa salula. Yakan bi ta eriyar kamfanin tarho, ya shiga igiyoyin intanet, ya isa wani babban gini cike da kwamfutoci mallakar kamfanin Meta, daga can a juyo da shi zuwa ga mai shi. Irin wannan gini shi ake kira cibiyar bayanai. A cikinsa akwai wata na'ura wadda duk saƙo sai ya ratsa ta. Wannan bayani ya shafi na'urar nan, da umarnin da ke tafiyar da ita, da kuma tambayar da ta daɗe tana damun masu sayenta: wa ke da iko a kanta bayan an biya kuɗinta?

1. Mece ce na'urar rarraba saƙonni?

A cibiyar bayanai ana jera kwamfutoci a kantoci na ƙarfe, wata bisa wata, kanta bayan kanta. Babbar cibiya takan ƙunshi dubban kwamfutoci, kuma dole kowace ta iya magana da ƴan'uwanta. Ba zai yiwu a ja igiya daga kowace kwamfuta zuwa kowace ba. Saboda haka ake ɗora na'ura ɗaya ko biyu a saman kowace kanta, a sa igiyoyin kwamfutocin kantar duka a jikinta. Ita ce na'urar rarraba saƙonni, wadda masu sana'ar ke kira suwic. Na'urorin saman kantoci su ma ana haɗa su da wasu manya, ta hanyoyi da yawa, domin idan hanya ɗaya ta yanke saƙo ya bi wata.

Aikinta ya yi kama da na ɗan kamasho a tasha. Kafin saƙo ya tashi, kwamfuta takan yanka shi ƙanana-ƙanana, ta rubuta adireshi a kan kowane ƙunshi. Na'urar sai ta duba adireshin, ta duba littafin hanyoyin da ke cikinta, ta fitar da ƙunshin ta ƙofar da ta dace. Sai dai saurinta ya wuce misali. Akwai irin da aka saba gani mai ƙofofi 32, kowace ƙofa tana wuce da gigabit 100 a sakan ɗaya. Ƙofa guda daga ciki za ta iya kwaso abin da zai cika salula mai ma'ajiyar jiga 64 cikin sakan 5 da ƴan kai.

Na'urar tana da sassa uku. Na farko shi ne akwatin ƙarfe da ƙofofinsa da fankokinsa. Na biyu wata ƙwaya ce ta lantarki da aka ƙera domin tura ƙunshin saƙo kaɗai. Kamfanonin da ke ƙera irinta kaɗan ne, daga cikinsu akwai Broadcom, Marvell da Nvidia. Na uku ita ce manhaja.

2. Manhaja rufaffiya da manhaja buɗaɗɗiya

Manhaja ita ce jerin umarnin da mutane suka rubuta domin na'ura ta bi. Ba a taɓa ta da hannu, amma in babu ita na'ura ƙarfe ce kawai. Masu rubuta ta suna da rubutun asali, wanda mai ilimin abin zai iya karantawa ya gyara. Idan kamfani ya ɓoye wannan rubutu ya sayar da manhajar kawai, an ce manhajar rufaffiya ce. Idan ya fito da shi fili, tare da takardar izini da ta yarda kowa ya karanta, ya gyara, ya kuma rarraba, an ce buɗaɗɗiya ce.

Wannan tunani ba sabo ba ne. A 1983 Richard Stallman ya fara shirin GNU a Amurka domin samar da manhajar da ba wanda zai hana wani gyara ta. A 1991 wani ɗalibi a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fitar da Linux, wadda a yau take tafiyar da galibin kwamfutocin cibiyoyin bayanai. Salula mai Android ma a kan Linux aka gina ta.

3. Yadda abin yake a da

Shekara da shekaru, wanda ya sayi na'urar rarraba saƙonni daga manyan kamfanoni irin su Cisco ko Juniper yakan karɓi akwati da manhaja a ɗaure tare. Ba ya iya cire manhajar ya sa wata, ba ya kuma iya gyara ta. Wannan tsari yana da amfaninsa, domin in matsala ta taso ƙofa ɗaya za a buga. Amma yana ɗaure mai saye. Misalinsa kamar mai injin niƙa ne wanda aka like wa murfin injinsa, aka ce ba mai buɗe shi sai makanikin wanda ya sayar. In ya tsaya, sai jira. In aka tsauwala kuɗin gyara, sai biya. In yana so ya koma wani kamfani, sai ya sake koya wa ma'aikatansa aiki daga farko, domin kowane kamfani da irin umarninsa.

Mai na'ura biyar zai iya haƙuri da haka. Kamfanin da ke da na'urori dubbai a ƙasashe daban-daban ba zai iya ba. Shi ya sa canjin ya taso daga wurin manyan masu saye.

4. Yadda aka raba akwati da manhaja

A 2011 kamfanin Facebook, wanda ya koma Meta a 2021, ya kafa wata haɗaka mai suna Open Compute Project, inda kamfanoni ke fito da zanen kayan cibiyoyinsu fili domin kowa ya ƙera. Daga nan matakai suka biyo juna.

Mataki na farko shi ne ONIE, wata ƴar ƙaramar manhaja da kamfanin Cumulus Networks ya rubuta, haɗakar ta karɓe ta a 2013. Ana sa ta cikin akwati tun daga masana'anta, kuma aikinta ɗaya ne: ta ba mai saye damar ɗora babbar manhajar da ya zaɓa. Da wannan ne masana'antu irin su Edgecore ta ƙasar Taiwan suka samu kasuwar sayar da akwati tsura.

A 2014 Facebook ya nuna akwatin da ya zana wa kansa, mai suna Wedge, a 2015 kuma ya fito da rubutun manhajarsa mai suna FBOSS.

A 2015 ɗin ne aka samu SAI, wadda Microsoft da wasu kamfanoni suka gabatar wa haɗakar. Matsalar da ta zo warwarewa ita ce kowace ƙwayar lantarki da irin yaren da take ji. SAI kamar tafinta take: manhaja ta yi magana da harshe ɗaya, kowane mai ƙera ƙwaya ya rubuta fassarar da tasa ƙwayar za ta gane.

A 2016 Microsoft ya fito da SONiC, cikakkiyar manhajar tafiyar da na'urar rarraba saƙonni, wadda yake amfani da ita a cibiyoyinsa na Azure. A 2022 ragamar SONiC ta koma hannun gidauniyar Linux Foundation, domin kada ta zama ta kamfani ɗaya. Kamfanin Alibaba na ƙasar Sin yana cikin masu amfani da ita, kuma har Cisco ya yarda a ɗora ta a kan wasu na'urorinsa.

5. Yadda SONiC take aiki

An gina SONiC a kan wani nau'in Linux mai suna Debian. Maimakon a dunƙule ayyukan na'urar wuri ɗaya, sai aka raba su ɗaki-ɗaki. Akwai ɗakin da ke lissafin hanyoyi, yana musayar labari da maƙwabtan na'urori kan wace hanya ce a buɗe. A nan ana amfani da wata buɗaɗɗiyar manhaja mai suna FRRouting. Akwai ɗakin da ke gano abin da aka haɗa a kowace ƙofa, akwai mai kai rahoton lafiyar na'ura, akwai kuma mai isar da umarni ga ƙwayar lantarki ta bakin SAI. Ɗakunan ba sa shiga aikin juna. Akwai wani allo na tsakiya, mai suna Redis, inda kowanne ke rubuta abin da ya sani, ya karanta abin da sauran suka rubuta.

Amfanin wannan rabo a fili yake. In ɗaki ɗaya ya samu matsala, ana iya tayar da shi shi kaɗai. Wanda ba ya bukatar wani aiki yana iya cire ɗakinsa. Manhajar kuwa guda ce, ko da akwatunan sun fito daga masana'antu daban-daban, saboda haka ma'aikaci abu ɗaya zai koya.

6. Amfani da iyaka

Amfanin farko shi ne zaɓi. Mai saye yana iya taya akwati a wuri uku ya ɗauki mai sauƙi, kuma in wata masana'anta ta kasa kawo kaya ya juya ga wata. Na biyu shi ne gani da ido: duk mai shakkar abin da manhajar ke yi da saƙonnin mutane yana iya sa masani ya karanta rubutun. Na uku shi ne taron dangi, domin gyaran da wani ya yi a Sin yakan amfani wani a Turai.

Amma ba a shan zuma sai an sha harbi. Ya kamata mai karatu ya lura da abubuwa uku.

Na ɗaya, buɗewar ba ta kai ko'ina ba. Fassarar da ke tsakanin SAI da ƙwayar lantarki, wasu masu ƙera ƙwaya suna ba da ita a rufe. Ke nan an kuɓuta daga mai akwati, amma har yanzu ana hannun mai ƙwaya.

Na biyu, rashin kuɗin saye ba ya nufin rashin ɗawainiya. Manhajar da aka ɗauko kyauta ba ta zuwa da wanda za a kira in ta tsaya da tsakar dare. Sai dai mai ita ya horar da injiniyoyinsa, ko ya biya wani kamfani, kamar Dell ko Broadcom, waɗanda ke sayar da nau'in SONiC da suka gwada tare da alkawarin taimako.

Na uku, rubutu a buɗe ba shi ne rubutu marar kuskure ba. A 2014 an gano wani babban kuskure, wanda aka laƙaba wa suna Heartbleed, a cikin OpenSSL, wata buɗaɗɗiyar manhajar tsare sirri da shafukan intanet masu ɗimbin yawa suka dogara da ita. Kuskuren ya yi kusan shekara biyu a fili ba a lura ba, domin masu amfani da ita suna da yawa, masu duba ta kaɗan ne.

7. Abin da ya kamata a riƙe

Duk ma'aikata, jami'a ko kamfanin da zai sayi irin waɗannan na'urori, yana da kyau ya yi tambaya uku kafin ya sa hannu. Shin ana iya canza manhajar akwatin nan? Shekara nawa za a ci gaba da aiko gyare-gyarenta? Wa za a kira in ta tsaya, kuma a ina yake zaune?

Buɗaɗɗiyar manhaja ta cire kwaɗon da ke kan murfin inji. Amma buɗaɗɗen inji ba ya amfanar wanda bai iya gyara ba. Rubutun SONiC da littattafan bayaninta suna nan a intanet kyauta, galibi da Ingilishi, kuma ana iya gwada ta cikin kwamfuta ta yau da kullum ba tare da an sayi akwati ba. Matashin da ke Yamai, Tawa ko Damagaram, in yana da kwamfuta da rezo, rubutun da injiniyan Microsoft ke karantawa shi ne a gabansa. Abin da ke tsakaninsa da shi karatu ne da naci.