Yadda Mita Ta Cika Rumfar Mai Gyara a Tasawa da Mayahi

Duk wanda ya taɓa kai rediyo gyara a kasuwar Tasawa ko ta Mayahi ya san irin rumfar nan: matattun rediyoyi sun hau kan juna har rufi, wayoyi ja da baƙi na lilo a ƙusa, ga mitar awon wuta uku ko huɗu a kan tebur, alhali ɗaya ta isa aiki. Ka tambayi mai rumfa ko zai sayar da guda, sai ya yi dariya ya ce maka: "Malam, ajiya maganin wata rana." Wannan tarin yana da tarihi, kuma tarihinsa na tafe ne kafaɗa da kafaɗa da na rediyo a ƙasar Hausa.

Ita mitar ta girmi rediyon namu. A 1923 aka fara sayar da na'urar da wani injiniyan gidan waya na Ingila, Donald Macadie, ya ƙirƙiro bayan ya gaji da yawo da na'urori daban-daban. Ya haɗa awon ƙarfin wuta, da yawan gudanarta, da turjiyar waya a akwati guda mai allura, aka sa mata suna Avometer. A 1947 masana a Amurka suka samar da tiransisto, ɗan ƙanƙanin abin da ya rage girman rediyo har ta koma ta batir, wadda manomi zai rataya a kafaɗa ya tafi gona.

Da rediyo ta yi sauƙin ɗauka, sai muryoyi suka biyo ta. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Rediyon Nijar ta fara aiki a 1958, ita ce daga baya ta zama Muryar Sahel, Rediyon Kaduna ta biyo baya a 1962. A Yamai aka kafa ƙungiyoyin sauraron rediyo domin mutanen karkara su taru su ji, su kuma mayar da martani. Tasawa na kan babbar hanyar da ta haɗa Maraɗi da Damagaram, ga Katsina da Kano a kudu, don haka kaya ba su yi wuyar isowa ba. 'Yan ci-rani su ne manyan dillalai: saurayi ya tafi Kano bayan girbi, ya dawo kafin damina da rediyo ko rakoda a hannu.

To, kayan sun iso, amma kayan gyaransu ba su biyo su ba. Ƙura da zafin bazara da batir mai yoyo na kashe rediyo, kuma babu kanti a kusa da za a sayi ɗan abin da ya ƙone. Nan mai gyara ya koyi darasinsa na farko: rediyon da ta mutu ita ce kantinsa. Daga cikinta yake ciro lasifika, ya narke dalma ya cire tiransisto, ya dasa a wata. Mita ce idonsa, da ita yake gane mai rai daga matacce. In allurarta ta karye, aiki ya tsaya har sai an samu mai zuwa Kano. Shi ya sa wanda ya samu ta biyu ba ya sakinta.

Karyewar darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994 ta ƙara ɗaure wannan ɗabi'a, domin sabon kaya ya yi tsada, gyara ya zama dole, gwanjo ya samu kasuwa. Daga 2001, da salula ta shigo Nijar, sana'ar ta sake fata. Yaran masu gyara suka koma kan waya, suka nemo injin hura iska mai zafi, da gilashin ƙara girma, da mitoci masu nuna lamba 'yan Sin, masu araha ƙwarai. Sai kuma sola ta zo da nata awon: faranti, batir, caja. Lokacin da Najeriya ta katse wa Nijar wuta a watan Agustan 2023, duk mai mita a unguwa ya ga amfaninta.

Kowane zamani ya bar nasa kaya a rumfar, babu wanda aka fitar. A nan ne larura take rikiɗewa ta zama sha'awa. Mai gyara ya je sayen dalma, ya hangi tsohuwar mita mai allura a tarin gwanjo, ya san ba ya bukatarta, amma sai ya zare kuɗin cefane ya biya. Uwargida ta yi ƙorafi, ya ce kayan aiki ne. Da daddare ya buɗe ta, ya goge, ya ɗora wa batir don kawai ya ga allura ta motsa.

Yau 'yan jari-bola na zagayawa da sikeli, suna sayen irin wannan tarin a kilo saboda jan ƙarfen da ke ciki. Matasa kan sayar ba tare da waiwaye ba, tunda sabuwar mita na nan a kasuwa ko yaushe. Dattijon da ya taɓa zaman sati biyu yana jiran motar Kano kuwa, matattun rediyoyin yakan iya sallamawa in ciniki ya yi. Mitocin sai ya tura su ƙarƙashin tebur tukuna, sannan ya amsa sallamar mai sikeli.