Majalisun unguwa da 'yan sanda a Birtaniya: Yadda alaƙar take

A dubban ƙauyuka da unguwannin Birtaniya akwai wani zama da akan yi kusan kowane wata, galibi da yamma bayan an tashi daga aiki, a zauren taron unguwa ko a wata makaranta. Zaman majalisar unguwa ke nan, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da aka saba gani a jerin batutuwansa shi ne rahoton 'yan sanda.

A wasu wuraren jami'i ne kan zo da kansa, ya karanta laifuffukan da aka kai ƙara a kansu cikin watan, ya kuma amsa tambayoyi. A wasu wuraren kuwa takarda kawai ake aikowa, wani lokacin ma ko takardar ba a gani.

Wannan bambanci ya daɗe yana jawo muhawara, domin majalisar ba ta da ikon bai wa ɗan sanda umarni. Abin da doka ta ba ta shi ne damar faɗin abin da ke damun jama'arta, kuma amfanin wannan dama ya dogara ne a kan ko akwai mai saurare.

Mece ce majalisar unguwa?

Ita ce matakin wakilci mafi kusa da jama'a, a ƙasa da ƙaramar hukuma. Ta bambanta da mai unguwa ko dagacin da aka sani a ƙasar Hausa, domin zaɓen mambobinta ake yi, kuma akasarinsu aikin sa kai suke yi ba tare da albashi ba.

A yankin Wales wata doka ta 1972, wadda ta fara aiki a 1974, ita ce ta kafa waɗannan majalisu, kuma yawansu ya haura 700. Suna da ikon ɗora ɗan ƙari a kan harajin gidaje domin gudanar da ayyuka kamar kula da filayen wasa da maƙabartu.

A Scotland dokar 1973 ce ta tanade su, kuma sun kai kimanin 1,200. Sai dai na can ba su da ikon karɓar haraji. Babban aikinsu shi ne su gano ra'ayin jama'a, su isar da shi ga hukumomi, ciki har da 'yan sanda.

A Ingila kuwa akwai makamantansu tun daga 1894, mafi yawa a karkara. Birnin Landan bai samu irin wannan majalisa a zamanin nan ba sai a 2014, lokacin da aka kafa ta unguwar Queen's Park.

Wa ke da iko a kan 'yan sanda?

Birtaniya ba ta da rundunar 'yan sanda guda ɗaya tilo. Ingila da Wales suna da rundunoni 43, kowace da shugabanta. Scotland ma tana da rundunoni takwas har zuwa ranar 1 ga watan Afrilun 2013, lokacin da aka haɗe su wuri guda.

Tun bayan da Robert Peel ya kafa rundunar birnin Landan a 1829, aƙidar da ake tinƙaho da ita ita ce aikin ɗan sanda yana tafiya ne bisa yardar jama'a. To amma akwai wata ƙa'idar da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da wannan, wato 'yancin shugaban runduna wajen yanke shawarar yadda zai yi amfani da jami'ansa.

A wani hukunci na 1968, alƙalin kotun ɗaukaka ƙara Lord Denning ya bayyana cewa ko minista ba shi da hurumin gaya wa shugaban 'yan sanda wurin da zai sa wa ido ko wanda zai gurfanar. Saboda haka majalisar unguwa roƙo kawai take iya yi a turo sintiri wani titi.

Daga watan Nuwamban 2012 an fara zaɓen kwamishinoni farar hula da ke tsara kasafi da manufofin rundunonin Ingila da Wales, ko da yake kimanin kashi 15 cikin ɗari ne kacal na masu zaɓe suka fito a karon farko. A watan Nuwamban 2025 gwamnati ta sanar da cewa za ta soke waɗannan muƙamai a 2028.

Me ya sa aka tilasta tuntuɓar jama'a?

Tarzoma ce ta jawo hakan. A farkon watan Afrilun 1981 'yan sandan Landan suka ƙaddamar da wani samame a unguwar Brixton, inda baƙaƙen fata ke da yawa. Cikin 'yan kwanaki aka tsayar da kusan mutum 1,000 a kan titi domin bincike, ba tare da an shawarci shugabannin unguwar ba.

Daga ranar 10 zuwa 12 ga watan rikici ya ɓarke, aka ƙona motoci da gine-gine, kuma 'yan sanda kusan 300 suka jikkata.

Gwamnati ta naɗa Lord Scarman ya binciki lamarin. A rahotonsa na watan Nuwamban wannan shekara ya ce amincewa ta rushe tsakanin 'yan sanda da mazauna unguwar, ya kuma ba da shawarar a mayar da tuntuɓar jama'a wajibi. Dokar aikin 'yan sanda ta 1984 ta tanadi hakan, aka kuma kafa kwamitocin tuntuɓa a sassan ƙasar.

Wata dokar ta 1998 ta ƙara faɗaɗa lamarin. Ta wajabta wa ƙananan hukumomi haɗa hannu da 'yan sanda wajen rage laifuffuka, ta kuma ɗora wa majalisu, har da na unguwa a Ingila da Wales, nauyin la'akari da tsaro a duk shawarar da za su yanke.

Yaya aka kafa 'yan sandan unguwa?

Tun daga tsakiyar shekarun 1990 alƙaluman gwamnati ke nuna cewa laifuffuka na raguwa, amma akasarin jama'a na ganin ƙaruwa suke yi. Ɗaya daga cikin dalilan da aka bayar shi ne mutane sun daina ganin ɗan sanda yana yawo da ƙafa, tun bayan da aka koma sintiri da mota a shekarun 1960.

A 2002, lokacin da David Blunkett ke ministan cikin gida, aka ƙirƙiro wasu sababbin jami'ai masu tallafa wa 'yan sanda, waɗanda ake kira PCSO a taƙaice. Suna sa kaki, suna sintiri da ƙafa, amma ba su da cikakken ikon kama mutum. Inda aka ba su izini, suna iya tsare wanda ake zargi na tsawon minti 30 kafin ɗan sanda ya iso. Scotland ba ta rungumi wannan tsari ba.

Tsakanin 2003 da 2005 an yi gwaji a mazaɓu 16 da ke ƙarƙashin rundunoni takwas, bisa koyi da wani shiri da birnin Chicago na Amurka ya fara a 1993. Gwajin ya ginu ne a kan abubuwa uku: jami'an da jama'a suka san fuskarsu, barin mazauna su zaɓi matsalolin da za a fara magancewa, da kuma haɗa kai wajen magance su. Binciken da ma'aikatar cikin gida ta wallafa a 2006 ya nuna amincewar jama'a da 'yan sanda ta ƙaru a wuraren da aka yi gwajin.

Zuwa 2008 kowane yanki na Ingila da Wales ya samu tawagarsa. A Landan kowace mazaɓa ta samu saje ɗaya, kurata biyu da mataimaka uku, tare da kwamitin mazauna da ke zaɓen abubuwan da za a sa a gaba.

Me majalisar ke iya yi a aikace?

Na farko, tana gayyatar jami'in unguwa zuwa zamanta, kuma magatakarda kan rubuta abin da aka tambaya da amsar da aka bayar. Da yake zaman a buɗe yake ga kowa, ana kuma wallafa bayaninsa, alƙawarin da jami'i ya ɗauka a wannan wata ana iya tuna masa da shi a wata mai zuwa.

Na biyu, mambobinta kan halarci tarukan da 'yan sanda ke shiryawa da jama'a, waɗanda a wurare da dama ake kira PACT. A nan ne akan tsayar da matsaloli biyu ko uku da tawagar za ta mayar da hankali a kansu kafin taro na gaba. Dokar 2011 ta wajabta wa shugabannin rundunonin Ingila da Wales shirya irin waɗannan taruka a kai a kai.

Na uku shi ne kuɗi. Wata doka ta 1997 ta ba majalisun unguwa na Ingila da Wales izinin kashe kuɗi wajen hana aikata laifi, kamar kafa kyamarorin tsaro ko bai wa 'yan sanda tallafi. Wasu majalisun sun yi amfani da wannan dama suka biya wani ɓangare na albashin jami'in PCSO domin ya riƙa aiki a yankinsu.

Haka nan kuma majalisu da dama na tara 'yan sa kai da ke tsayawa a bakin hanya da na'urar auna gudun mota. Su ba sa cin tarar kowa. Lambar motar suke miƙa wa 'yan sanda, su kuma su aika wa mai ita takardar gargaɗi.

A ina ake samun saɓani?

Abin da ya fi tasowa a zaman majalisa shi ne gudun wuce ƙima, ajiye motoci ba bisa ƙa'ida ba, zubar da shara da hayaniyar matasa da dare. Su kuwa 'yan sanda kan ce mafi yawan lokacinsu na tafiya ne a kan laifuffukan da ba a gani a titi, kamar cin zarafi a cikin gida, lalata da yara da damfara ta intanet, kuma waɗanda irin wannan ya shafa ba kasafai suke tashi a bainar jama'a su yi magana ba.

Akwai kuma batun wakilci. A zaɓukan 2017 da 2022 a Wales, mafi yawan kujerun majalisun unguwa ba a yi takara a kansu ba. Masu suka na cewa waɗanda suka fi halartar tarukan dattawa ne masu gidajen kansu, alhali matasa da 'yan tsiraru, waɗanda suka fi haɗuwa da 'yan sanda a kan titi, ba a cika jin muryarsu ba.

Babban abin da ya girgiza amincewa shi ne abin da ya faru a birnin Birmingham a 2010. An kafa kyamarori fiye da 200 a unguwannin Sparkbrook da Washwood Heath, inda Musulmi ke da rinjaye, aka shaida wa kansiloli da mazauna cewa domin yaƙi da laifuffukan yau da kullum ne.

Daga baya ta bayyana cewa kuɗin aikin, kimanin fam miliyan 3, daga asusun yaƙi da ta'addanci ya fito. Binciken da Sara Thornton, shugabar rundunar Thames Valley a lokacin, ta gudanar ya gano cewa ba a yi tuntuɓar da ta kamata ba. Shugaban rundunar West Midlands, Chris Sims, ya nemi gafara, kuma a 2011 aka cire kyamarorin.

Me tsuke bakin aljihu ya haifar?

Bayan 2010 gwamnati ta rage kasafin 'yan sanda. Tsakanin 2010 da 2018 yawan 'yan sandan Ingila da Wales ya ragu da kimanin 20,000. Jami'an PCSO, waɗanda suka kusa kai 17,000 a 2010, sun koma ƙasa da 8,000 a 2024. Rundunar Norfolk ma ta soke muƙamin baki ɗaya a 2018.

A watan Maris na 2017 hukumar da ke sa ido a kan aikin 'yan sanda ta yi gargaɗin cewa tsarin 'yan sandan unguwa na zaizayewa, domin ana yawan janye jami'ansa zuwa amsa kiran gaggawa. A wurare da dama an haɗe unguwanni a ƙarƙashin tawaga ɗaya, kuma majalisu a Ingila da Wales da Scotland sun riƙa kokawa cewa an daina zuwa zamansu.

Gwamnatin Boris Johnson ta ƙaddamar da ɗaukar ƙarin 'yan sanda 20,000 a 2019, aka kuma cimma adadin a 2023. Gwamnatin jam'iyyar Leba da ta hau mulki a 2024 ta yi alƙawarin ƙara jami'ai 13,000 a unguwanni, tare da tabbatar da cewa kowace unguwa na da jami'in da aka san sunansa, wanda kuma za a iya tuntuɓa.

Shin tsarin ya shafi Najeriya?

Ya shafe ta kai tsaye. Tun a 1984 rundunar 'yan sandan Najeriya ta kafa kwamitocin hulɗa da jama'a da ake kira PCRC. A watan Afrilun 2004 kuma Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin 'yan sandan al'umma a jihar Enugu, da tallafin ma'aikatar raya ƙasashe ta Birtaniya, daga baya aka faɗaɗa shi zuwa wasu jihohi da suka haɗa da Kano da Jigawa.

Dokar 'yan sanda ta 2020, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu, ta tanadi kafa kwamitocin 'yan sandan al'umma.

Sai dai ginin ƙasashen biyu ya sha bamban. Tsarin mulkin Najeriya na 1999 runduna ɗaya ya kafa wa ƙasar baki ɗaya a ƙarƙashin Sufeto Janar, kuma a arewacin ƙasar masu unguwanni da dagatai da hakimai ne aka saba gani suna magana da yawun unguwa a gaban 'yan sanda, maimakon majalisar da mazauna suka zaɓa.