Jarida da harshe a tsallaken Kogin Kaduna

Kogin Kaduna ya raba birnin gida biyu. A arewacinsa ne fadar gwamnati take, da majalisar dokoki, da babbar kasuwa, da galibin gidajen rediyo da ofisoshin jaridu. A kudancinsa kuma akwai unguwanni irin su Kakuri, Makera, Nasarawa, Barnawa, Narayi, Sabon Tasha, Unguwar Romi da Gonin Gora, inda ɗimbin jama'a ke kwana su tashi da harsuna biyu ko uku a baki, amma da wuya su ji labarin layinsu a cikin ko da ɗaya daga cikinsu.

Ya kamata a bambance wannan yanki da abin da ake kira Kudancin Kaduna, wato ƙananan hukumomin da ke wajajen Kafanchan, Zangon Kataf da Kachia, ko da yake da yawa daga mazauna tsallaken kogin can ne asalinsu. Haka nan ba daidai yake da ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu ba, domin ita ta haɗa har da Tudun Wada da ke arewacin kogin, yayin da Sabon Tasha da Narayi ke ƙarƙashin ƙaramar hukumar Chikun.

Layin dogo da masaƙu ne suka raya yankin. A wancan zamani babbar tashar jirgin ƙasa ta Kaduna tana wannan ɓangare, kuma a shekarar 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri, daga baya Nortex da UNTL da Arewa Textiles suka biyo. Kamfanin ƙera makamai na soja ya zo a 1964, na harhaɗa motocin Peugeot a 1975, sai matatar mai a 1980. Ma'aikata suka yi ta kwararowa: Bajju, Atyap, Ham, Adara, Tibi, Idoma, Igala, Ibo, Yarabawa da Hausawa, suka tarar da Gbagyi waɗanda su ne 'yan ƙasa tun asali. A gida kowa na yin harshen iyayensa. A kasuwa da cikin mota kuwa Hausa ake yi, ko Turancin buroka, sannan Ingilishi a makaranta da ofis.

Tagwayen jaridu

Ba baƙon abu ba ne a Kaduna a buga jarida da harsuna biyu. Hasali ma da haka aikin jarida ya ginu a Arewa. An fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a watan Janairun 1939, Abubakar Imam yana editanta na Hausa, kuma a 1948 kamfanin Gaskiya ya yi mata ƙanwa ta Turanci mai suna Nigerian Citizen. A ranar 1 ga Janairun 1966, makonni biyu kafin juyin mulkin da ya hallaka Sardauna, New Nigerian ta maye gurbin Citizen a Kaduna, Gaskiya kuma ta koma ƙarƙashin kamfaninta.

Jaridu masu zaman kansu da suka biyo baya sun bi wannan sawu. Today ta Abidina Coomassie tana da A Yau, The Reporter ta Shehu Musa 'Yar'aduwa tana da Nasiha, mujallar Hotline kuma tana da Rana. Weekly Trust, wadda aka fara a Kaduna a 1998 kafin kamfanin ya koma Abuja, ta haifi Aminiya a 2006.

Sai dai tagwayen ba su cika yin magana da mutum ɗaya ba. Ta Turancin tana fuskantar ma'aikacin gwamnati da ɗan siyasa, tana mayar wa jaridun Legas martani da sunan Arewa. Ta Hausar kuma, idan aka duba shafukanta na addini da wasiƙu da labaran masarautu, mai karatun da ta ƙudurta a rai Bahaushe ne Musulmi, a Zariya ko Funtuwa ko Tudun Wada. Masaƙin Kakuri da ya fito daga Zonkwa yana jin duka harsunan biyu, yana kuma iya tsayawa a teburin mai sayar da jarida ya karanta kanun labarai kyauta, amma babu wadda aka rubuta dominsa. Ko The Democrat, wadda aka kafa a 1983 kuma a lokacin ofishinta yake titin Ahmed Talib a tsakiyar yankin masaƙun, siyasar ƙasa ce ta fi damunta, ba kwatamin da ke ƙofarta ba.

A rediyo ma haka lamarin yake, ko da yake da sauƙi. Gidan Rediyon Kaduna, wanda gwamnatin Jihar Arewa ta kafa a 1962 kuma ya koma hannun tarayya a 1978, yana watsa shirye-shirye da Hausa, Ingilishi, Fulatanci, Kanuri da Nufanci, kuma shirye-shirye irin su Zaɓi Sonka da Jakar Magori sun ratsa kowace unguwa ba tare da tambayar addini ba. Amma girmansa shi ne iyakarsa: tashar da ake saurare daga Sakkwato zuwa Maiduguri, har da ƙetaren iyaka, ba ta da sararin bin diddigin famfon Narayi.

Hausar majami'a

Abin da masu shirya jaridun Hausa suka daɗe ba su ba muhimmanci ba shi ne cewa akwai masu karatun Hausa da yawa waɗanda ba Hausawa ba ne. An kammala fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa tun 1932, kuma da shi da littafin waƙoƙi ne kakannin yawancin mazauna Sabon Tasha suka koyi karatun boko. Majami'u da dama, musamman na ECWA da Baptis, suna yin sujada kashi biyu, ta Hausa da ta Turanci. Ƙungiyoyin Zumuntar Mata da mawaƙan Sabon Rai da Hausa suke gudanar da al'amuransu, kuma majami'ar HEKAN, mai hedkwata a Kaduna, sunanta ma na Hausa ne: Haɗaɗɗiyar Ekklesiyar Kristi a Nijeriya.

Wannan ne ya sa lokacin sanarwa a majami'a ranar Lahadi, kamar yadda yake a masallaci ranar Juma'a, ya zama wata irin jaridar unguwa. A nan ake jin ranar allurar rigakafi, da ranar rajistar masu zaɓe, da sunan wanda ya rasu, da wanda ake nema, sau da yawa a faɗa da Turanci sannan tafinta ya maimaita da Hausa. Hanya ce mai isar da saƙo sosai. Rauninta shi ne babu edita mai tantancewa, kuma saƙon ba ya ƙetare bangon da aka faɗe shi a ciki.

An ga tsadar hakan a shekarar 2000. Rikicin da ya ɓarke a ranar 21 ga Fabrairu kan batun shari'ar Musulunci, ya kuma sake tashi a watan Mayu, ya ci rayuka aƙalla 2,000 bisa ƙiyasin ƙungiyar Human Rights Watch. Bayansa ne Kiristoci da yawa suka bar Rigasa da Tudun Wada suka ƙetara kudu, Musulmi kuma suka bar unguwannin kudu suka koma arewa, har wasu suka riƙa kiran ɓangarorin Makka da Urushalima. Rabuwar ba ta cika ɗari bisa ɗari ba, domin har yau akwai Musulmi a Kakuri, Makera, Nasarawa da Barnawa, amma ta isa ta sa maƙwabcin da a dā yake ƙaryata jita-jita da bakinsa ya koma tsallaken gada.

A Nuwamban 2002 kuwa rubutun jarida ne ya zama sila. A ranar 16 ga wata ThisDay ta buga wani sharhi kan gasar sarauniyar kyau ta duniya, wanda Musulmi suka ɗauka a matsayin ɓatanci ga Annabi Muhammadu. An rubuta shi da Turanci, an buga a Legas. Kwana huɗu bayan haka aka ƙona ofishin jaridar a Kaduna, rikici ya bazu, mutane kusan 250 suka mutu, aka mayar da gasar Landan. A cikin waɗannan kwanaki labarin ya yi tafiya ne da baki, daga harshe zuwa harshe, kuma haƙurin da jaridar ta bayar bai yi saurin da zancen ya yi ba. Wata uku kacal kafin nan, a ranar 22 ga Agusta, shugabannin addinan biyu suka sanya hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna, bisa ƙoƙarin cibiyar sasantawa ta Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye.

Yadda wasu suka yi

Matsalar ba ta Kaduna kaɗai ba ce. A Amurka, iyalai 'yan asalin Latin Amurka sun daɗe suna zaune tsakanin manyan jaridun Ingilishi da ba su cika shiga unguwanninsu ba, da manyan tashoshin Sifaniyanci da suka fi karkata ga labaran ƙasa da na ƙasashen da suka fito. A 1970 aka kafa El Tecolote a unguwar Mission ta birnin San Faransisko, jarida ce ta kyauta da ke jera labari da Sifaniyanci da Ingilishi a bugu ɗaya, don uwa da ɗanta da ya tashi a makarantar Ingilishi su karanta abu guda. A Oakland kuma El Tímpano tana aika labarai ta saƙon waya, tana karɓar tambayoyin mutane kan haya da asibiti ta wannan hanya. Bambancinsu da tagwayen Kaduna shi ne harsunan biyu suna hidima wa gida ɗaya ne, kuma daga tambayar mai karatu labarin ke farawa.

A nan kusa, Jamhuriyar Nijar ta buɗe rediyon al'umma na farko a Bankilare a 1999, kuma cikin 'yan shekaru adadinsu ya haura 100. Nijeriya ta yi nawa. Dokar 1992 da ta kafa hukumar NBC ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi, abin da ya kawo DITV da Nagarta da Liberty da Freedom a Kaduna, amma sai a 2015 aka ba da lasisin rediyon al'umma guda 17 a faɗin ƙasar.

Tashoshin FM sun rage giɓin ta wata fuska. Tun zuwan wayar salula a 2001, shirye-shiryen da ake buɗe layi sun ba mazaunin Unguwar Romi damar kira ya koka kan na'urar raba wuta da ta lalace, ya fara da Turanci ya ƙare da Hausa, mai gabatarwa kuma ya bi shi a haka. Zaurukan WhatsApp da shafukan Facebook na unguwanni sun ɗauki wani kason, da saurinsu da kuma ƙaryar da ke bin su. Amma kiran waya na minti biyu ba ya maye gurbin wakilin da zai je sakatariyar ƙaramar hukuma a Makera ko Kujama ya nemi ganin kasafin kuɗi, ya kuma koma bayan wata shida.

Babban labarin yankin a wannan ƙarni shi ne mutuwar masaƙu. KTL ta rufe a 2002, Arewa Textiles ta bi bayanta, UNTL ta tsaya a 2007. Tsoffin ma'aikatan KTL sun shafe shekaru suna zanga-zangar neman haƙƙoƙinsu na sallama, da yawansu sun rasu suna jira. Masu masaƙar su ne jihohin Arewa 19. Su ne kuma gwamnatin tarayya ta mayar wa New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo a 2006, kuma a farkon shekarun 2010 jaridun biyu suka daina fitowa a kai a kai, ma'aikatansu na bin bashin albashi na watanni.