Yaɓe Kafin Damina

'Yan uwa marubuta, a zamanin kakanninmu gyaran gida aikin masu gida ne. Da bazara ake kwaɓa ƙasa da ciyawa, a yaɓe katanga, a gyara indararo, a shafe bango da makubar ɓawon ɗorawa don kada ruwa ya zaizaye shi. Babban gini sai magina, irin su Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19.

Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kwano da siminti suka yaɗu a hankali. Yaɓe ya ja baya, kalmominsa suka bi shi. Idan labarinmu na 1900 ne, kada mu rufa wa amarya ɗaki da kwano, azara ce da ƙasa. Mu tambayi tsofaffinmu tun suna raye.