Penguin: Daga Littafin Sisi Zuwa Gagarumin Gidan Ɗab'i

A Ingila ta shekarun 1930, sabon littafin labari mai kaurin bango sule bakwai da sisi ake sayar da shi. Lebura mai son karatu sai dai ya je aro a laburare. Allen Lane, shugaban kamfanin ɗab'i na The Bodley Head a Landan, ya ƙudurta cewa masu karatu suna da yawa, tsada ce ta kore su. A watan Yuli na 1935 shi da ƙannensa biyu, Richard da John, suka fito da littattafai goma masu bangon takarda da sunan Penguin, kowanne a kan sisi, kuɗin kwalin taba a lokacin. Cikinsu har da na Ernest Hemingway da na Agatha Christie. Kamfanin Albatross na Jamus ya riga su wannan dabara tun 1932, amma a hannun Lane ta yi jijiya.

Lissafin yana da haɗari. Ribar kwafi ɗaya ba ta taka kara ta karya ba, don haka sai an sayar da dubbai kafin uwar kuɗi ta dawo. Masu shagunan littafi suka yi ɗari-ɗari, har sai da kantunan Woolworths, masu sayar da kayan araha, suka nemi kwafi fiye da 60,000. Nan harka ta miƙe. A farkon 1936 Penguin ya tsaya da ƙafarsa, ma'ajiyarsa kuwa ɗakin ƙarƙashin ƙasa ne na wani coci a Landan, kafin a koma Harmondsworth a 1937. Launin bango shi ke gaya wa mai saye abin da ke ciki: ruwan lemo na ƙagaggun labarai, kore na labaran bincike da kisan kai, shuɗi na tarihin rayuwa. Rassa suka biyo baya, Pelican na ilimi a 1937, Puffin na yara a 1940, sai Penguin Classics a 1946. A ganina wannan ne zamanin da kamfanin ya fi yi wa talaka amfani, domin ya sa littafin kirki a aljihun wanda bai taɓa mallakar ko ɗaya ba.

Lane ya rasu a 1970, kamfanin Pearson ya saye Penguin. A Amurka kuma Random House, wanda Bennett Cerf da Donald Klopfer suka kafa a 1927, ya haɗiye Alfred A. Knopf a 1960, shi ma Random House ɗin kamfanin Bertelsmann na Jamus ya haɗiye shi a 1998. Ranar 1 ga Yuli, 2013 aka haɗe su biyun suka zama Penguin Random House, Bertelsmann na da kashi 53, Pearson na da 47. Zuwa 2020 Bertelsmann ya mallaki duka.

Yau hedikwatar tana New York, kuma tsarinta ya yi kama da gidan gandu: kowane sashe da tukunyarsa, rumbu ɗaya ne. Sunayen ɗab'i kusan 300 ne a ƙarƙashinta, irin su Knopf da Viking da Doubleday, kowanne da editocinsa da irin littafin da yake so. Sayen takarda, ajiya, rarrabawa da ciniki da manyan 'yan kasuwa irin su Amazon, waɗannan na uwar gida ne. Marubuci ba kasafai yake zuwa da kansa ba. Dillalinsa ne ke kai rubutun, wani lokaci har a yi gwanjo tsakanin editoci. Wanda ya ci sai ya biya kafin alƙalami, marubucin kuma ba zai sake ganin ko kwabo ba sai kasonsa na ciniki ya cike abin da ya karɓa. Littattafai da yawa ba sa cikewa. Ga kuma al'adar kasuwar da ta ba mai shago damar maido da kwantai. Abin da ke riƙe gidan shi ne 'yan littattafan da suka yi tashe, da tsofaffin da ake ta sake bugawa shekara da shekaru ba tare da wani talla ba.

Girman da ya sauƙaƙa wa mai karatu yana iya ƙuntata wa marubuci, kuma wannan ya dame ni. A 2020 kamfanin ya amince zai sayi Simon & Schuster a kan dala biliyan 2 da ɗoriya, abin da zai mai da manyan gidajen ɗab'i biyar su koma huɗu. Ma'aikatar shari'a ta Amurka ta kai ƙara, hujjarta ita ce in masu tayi suka ragu, kuɗin marubuta zai faɗi. Marubuci Stephen King da kansa ya ba da shaida a ɓangaren gwamnati. A 2022 mai shari'a Florence Pan ta hana cinikin, a shekara mai biye kuma kamfanin zuba jari na KKR ya sayi Simon & Schuster a kan dala biliyan 1.62.