Kano Pillars a kakar wasa ta 2009 zuwa 2010

Kakar wasa ta 2009 zuwa 2010 tana daga cikin muhimman lokuta a tarihin Kano Pillars, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙwararru da ke birnin Kano a arewacin Najeriya. A shekarar 2009 ƙungiyar ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar cin kofin zakarun nahiyar Afirka, bayan ta fitar da Al Ahly ta Masar wadda ke riƙe da kofin a lokacin. A gasar Firimiya ta Najeriya da aka kammala a 2010 kuma ta zo ta biyu a bayan Enyimba ta Aba, yayin da ɗan wasanta na gaba Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18, adadin da babu wanda ya taɓa kaiwa a kaka guda kafin lokacin.

Asali

An kafa Kano Pillars a shekarar 1990 ta hanyar haɗe ƙungiyoyi uku na Kano, wato WRECA, Kano Golden Stars da Bank of the North. Ƙungiyar mallakar gwamnatin jihar Kano ce, tana buga wasanninta na gida a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, kuma magoya bayanta suna yi mata kirari da "Sai Masu Gida". Launukan rigarta su ne rawaya da kore.

Ƙungiyar ta shafe shekara 18 da kafuwa kafin ta lashe gasar Firimiya a karon farko a 2008, ƙarƙashin koci Kadiri Ikhana. Heartland ta Owerri ce ta zo ta biyu a waccan kakar. Saboda Najeriya tana da gurbi biyu a gasar zakarun Afirka, ƙungiyoyin biyu ne suka wakilci ƙasar a 2009. Kafin lokacin, Enyimba kaɗai ce ƙungiyar Najeriya da ta taɓa ɗaukar wannan kofi, a 2003 da 2004.

Gasar zakarun Afirka ta 2009

Tsarin gasar

A wancan lokaci gasar tana farawa ne da zagayen sili-ɗaya-ƙwale, inda kowace ƙungiya ke buga wasa biyu da abokiyar karawarta, ɗaya a gida ɗaya a waje. Idan jimillar ƙwallaye ta zo daidai, wadda ta fi cin ƙwallo a gidan abokiyar karawarta ita ke wucewa. Ƙungiyoyi 8 da suka tsallake ana raba su rukuni biyu, kowane da ƙungiya 4, sannan biyu na saman kowane rukuni su je wasan kusa da na ƙarshe. Ivo Šajh, ɗan ƙasar Sulobeniya, shi ne ya horar da Kano Pillars a wannan gasa.

Karawa da Al Ahly

A zagayen ƙarshe kafin wasannin rukuni, Kano Pillars ta haɗu da Al Ahly ta birnin Alƙahira. A lokacin Al Ahly ta ɗauki kofin sau 6, fiye da kowace ƙungiya a nahiyar, kuma ita ce ta lashe shi a 2008 ƙarƙashin koci Manuel José na ƙasar Fotugal. An tashi kunnen doki 1-1 a wasan farko a Najeriya. Wannan sakamako ya fi yi wa Al Ahly daɗi, domin ko da an tashi babu ci a Alƙahira ita ce za ta wuce. Dole ne Kano Pillars ta ci ƙwallo a Masar, kuma ta ci har biyu: an tashi 2-2. Jimilla ta zama 3-3, sai Kano Pillars ta wuce saboda ƙwallo biyun da ta ci a waje sun fi ɗayar da Al Ahly ta ci a Najeriya. Victor Namo yana cikin 'yan wasan gaba da ƙungiyar ta dogara da su a wannan gasa.

Wasannin rukuni

Kano Pillars ta faɗa rukunin A tare da Al-Hilal da Al-Merrikh, manyan ƙungiyoyin Sudan biyu da ke Omdurman, da kuma ZESCO United ta birnin Ndola a Zambiya. Ta kammala a matsayi na ɗaya, Al-Hilal ta bi mata. A ɗaya rukunin TP Mazembe ta Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ce ta zo ta ɗaya, Heartland ta zo ta biyu, a gaban Étoile du Sahel ta Tunisiya da Monomotapa United ta Zimbabuwe. Bisa tsarin gasar, ta ɗayan kowane rukuni tana karawa da ta biyun ɗaya rukunin, don haka ƙungiyoyin Najeriya biyu suka haɗu da juna, abin da ya tabbatar wa ƙasar gurbi a wasan ƙarshe tun kafin a taka leda.

Wasan kusa da na ƙarshe

An buga wasannin biyu a watan Oktoban 2009. Heartland ta doke Kano Pillars da ci 4-0 a wasan farko a Owerri, sannan ta sake cin ta 1-0 a wasa na biyu, jimilla 5-0. Heartland ta je wasan ƙarshe, ta ci TP Mazembe 2-1 a Owerri, amma aka doke ta 1-0 a Lubumbashi. Dokar ƙwallon waje da ta taimaki Kano Pillars a kan Al Ahly ita ce ta ba TP Mazembe kofin, wanda rabonta da shi tun 1968.

Gasar Firimiya ta 2009 zuwa 2010

Ƙungiyoyi 20 ne suka fafata a gasar, kowace tana buga wasa 38, gida da waje. Nasara tana da maki 3, canjaras maki 1. Biyu na farko suna samun tikitin gasar zakarun Afirka, na ƙasan tebur kuma su faɗa ƙaramin rukuni. Daga cikin ƙungiyoyin arewa da suka buga kakar tare da Kano Pillars akwai Kaduna United, Gombe United, Niger Tornadoes ta Minna, da Zamfara United ta Gusau, wadda ita ce ke wakiltar jihar Zamfara a babbar gasar ƙasar a wancan lokaci.

Ƙarfin Kano Pillars a waɗannan shekaru ya fi bayyana a gida. Tun daga 2003 ba a doke ta a wasan lig a gidanta ba har zuwa 2015, lokacin da Nasarawa United ta ci ta 2-1 a Kano. A ƙarshen kakar Enyimba ce ta ɗauki kofin, Kano Pillars ta zo ta biyu, wanda ya ba ta damar komawa gasar zakarun Afirka a 2011.

Bajintar Ahmed Musa

An haifi Ahmed Musa a Jos ranar 14 ga Oktoba, 1992. Ya taso a makarantar koyon ƙwallo ta GBS, ya buga wa JUTH ta Jos, sannan ya zo Kano Pillars a 2009. Yana ɗan shekara 17 ya kammala kakar da ƙwallo 18, ya zama wanda ya fi kowa zura ƙwallo a gasar. Da haka ya karya tarihin ƙwallo 17 da Ishaya Jatau ya kafa a 1990, lokacin yana buga wa Iwuanyanwu Nationale, ƙungiyar da daga baya aka sauya wa suna zuwa Heartland. An fi sanin Ahmed Musa da tsananin gudu, kuma yana iya bugawa a gefe ko a tsakiyar gaba.

Tarihin Ishaya Jatau ya kai shekara 20 kafin a karya shi, amma na Ahmed Musa bai daɗe ba. Jude Aneke na Kaduna United ya ci 20 a 2011, sannan Mfon Udoh na Enyimba ya ci 23 a 2014.

A 2010 Ahmed Musa ya fara buga wa Super Eagles, kuma ya koma VVV-Venlo ta ƙasar Holan. Sai da ya jira ya cika shekara 18 a watan Oktoba kafin ya fara buga mata, saboda dokar FIFA da ta hana sauya sheƙar ƙananan 'yan wasa zuwa wata ƙasa. Daga nan ya tafi CSKA Moscow ta Rasha a 2012, Leicester City ta Ingila a 2016, da Al-Nassr ta Saudiyya a 2018. Ya ci wa Najeriya ƙwallo biyu a ragar Ajantina a gasar cin kofin duniya ta 2014, da wasu biyu a ragar Iceland a ta 2018. Ya dawo Kano Pillars na ɗan lokaci a 2021, sannan ya sake dawowa a 2024.

Abin da ya biyo baya

Kano Pillars ta lashe gasar Firimiya sau uku a jere, a 2012, 2013 da 2014. Mohammed Babaganaru ne koci a biyun farko, Okey Emordi a na uku. 'Yan wasa irin su Rabiu Ali, wanda ake wa laƙabi da Pele, da Gambo Mohammed, da mai tsaron raga Theophilus Afelokhai suna cikin ginshiƙan ƙungiyar a waɗannan shekaru. A 2019 ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa a karon farko, bayan ta doke Niger Tornadoes a bugun fenariti a Kaduna. Ta faɗa ƙaramin rukuni a 2022, ta dawo a 2023. Duk da kofunan da ta tara a gida, wasan kusa da na ƙarshe na 2009 shi ne matsayi mafi nisa da ƙungiyar ta kai a gasar zakarun Afirka.