Tarihin 'Yar Tsana Mai Gaɓoɓi: Daga Yumɓun Girka Zuwa Ƙaron Japan

Gabatarwa

Idan aka ce 'yar tsana, abin da kan faɗo wa Bahaushe a rai shi ne guntun kara ko ɗan ƙashi wanda yarinya ke naɗa wa ƙyalle ta goya, har ma a taru a yi mata biki. Saboda haka na san wani zai yi mamakin ganin an kawo irin wannan magana a mujallar ɗalibai. To, amma akwai wata 'yar tsana wadda ba yara ke sayenta ba. Manya ne masu hankalinsu, mata da maza, a Japan da Koriya da Sin da Turai da Amurka, suke tara ta, su zana mata fuska da hannunsu, su kuma ɗinka mata tufafi. Ita ce 'yar tsana mai gaɓoɓi. Nufina a wannan maƙala shi ne in bi sawunta daga farko, domin in nuna cewa gaɓa da allura tare suka taso, kuma a kowane zamani hannun mai ɗinki ne ke ƙarasa abin da maƙerinta ya fara.

Kafin in shiga tarihi, ya kamata mai karatu ya san yadda ƙirar take. Kowane sashe na jikinta daban ake zuba shi, kuma cikinsa rami ne. A kafaɗa da gwiwar hannu da ƙugu da gwiwa da idon sawu akwai ɗan dunƙule kamar ƙwallo wanda ke zaune cikin gurbinsa, tamkar yadda kan ƙashin cinya ke zaune a ƙugun mutum. Sa'an nan a zura igiyar roba mai talewa ta cikin ramin, ɗaya daga hannu zuwa hannu ta ƙirji, ɗaya kuma daga ƙafafu zuwa wuya, inda ake maƙale ta da ƙugiya a cikin kai. Jan wannan roba shi ke riƙe sassan, shi ke sa ta tsaya, ko ta zauna, ko ta ɗaga hannu ya tsaya inda aka bar shi.

Zamanin Da

Tun wajen ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.) mutanen Girka suna gasa 'yan tsana na yumɓu, suna ɗaura musu hannuwa da ƙafafu da zare don su riƙa lilo. Yarinya takan yi wasa da tata har lokacin aure, daga nan ta kai ta wurin bautarsu ta ajiye, alamar ta yi bankwana da ƙuruciya. A shekarar 1889, ana haƙa harsashin ginin babbar kotu a birnin Rum, aka tono kabarin wata budurwa mai suna Crepereia Tryphaena wadda ta rasu a ƙarni na 2. A gefenta aka sami 'yar tsana ta hauren giwa mai tsawon santimita 23, wadda kafaɗunta da gwiwoyinta ke lanƙwasuwa, tare da 'yan matazanta da madubinta. Gaɓoɓin nan na fegi ne, ba na ƙwallo ba, amma dalilin yin su a bayyane yake: hannun da ba ya motsi ba ya shiga riga.

A Turai kuma, a ƙarni na 17 da na 18, telolin Faris sukan ɗinka wa 'yan tsana irin kayan da ake yayi, su aika da su fadojin Ingila da sauran ƙasashe, domin matan can su gani su ba da ɗinki. Watau ita ce jakadiyar tela kafin mujallu masu hotuna su karɓe wannan aiki.

Zamanin Masana'antu

A ƙarni na 19 ne gaɓa mai ƙwallo ta shiga kasuwa sosai. Gidan Jumeau na Faransa ya shahara da 'yan tsana masu kan tangaran marar ƙyalli da idanun gilashi, jikinsu kuwa na katako da dakakkiyar takarda. Na farko-farkonsu suna da ƙwallaye 8 a kafaɗu da gwiwoyin hannu da ƙugu da gwiwoyi. Emile Jumeau ya ci lambar zinariya a baje kolin Faris na 1878, matarsa Ernestine kuwa ita ke kula da sashen ɗinki, inda mata ke yi wa 'yan tsanar riguna na siliki da leshi kamar na 'ya'yan masu hali.

Sai dai kasuwa ba ta san kyau kaɗai ba. Masana'antun Jamus, irin su Kestner da Armand Marseille a yankin Turinjiya, suka riƙa fitar da nasu da yawa kuma da araha, domin iyalai ne ke yi musu aikin a gida a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Da gasar ta tsananta, a 1899 manyan gidajen Faransa suka haɗe suka zama kamfani ɗaya mai suna SFBJ, wanda shi kansa ya koma sayen kawuna daga Jamus.

Wannan kamfani ne ya ƙera 'yar tsanar da na fi so in ja hankalin mai karatu gare ta. A 1905 aka fara buga wata mujallar 'yan mata a Faris mai suna La Semaine de Suzette, aka kuma yi wa masu biyan kuɗin shekara kyautar 'yar tsana mai gaɓoɓi mai suna Bleuette, tsawonta santimita 27. Daga nan har zuwa 1960 da mujallar ta daina fitowa, ta buga zanen yankan tufafi fiye da 1,000 daidai jikin Bleuette: kayan makaranta, da na barci, da na biki, har da na ma'aikaciyar jinya a lokacin yaƙi. Da haka 'yan matan Faransa na tsawon shekara 55 suka koyi yanka da kalmasa da ɗaura maɓalli. A nan ɗinkin ya fita daga masana'anta ya koma hannun mai 'yar tsanar.

Daga Balin Zuwa Tokiyo

Yadda abin ya ƙetara zuwa Japan yana da ban mamaki. A 1933, shekarar da Hitila ya hau mulki, wani mai zane Bajamushe, Hans Bellmer, ya fara harhaɗa wata 'yar tsana mai girman mutum yana ɗaukarta hoto. A wani gidan tarihi na Balin ya ga 'yan tsanan katako na ƙarni na 16 masu gaɓoɓin ƙwallo, sai ya yi amfani da wannan dabara a ta biyu da ya yi a 1935. Aikinsa ba na yara ba ne, kuma ba shi da daɗin kallo, don jiki ne a wargaje, wanda ya saɓa wa irin kyakkyawar surar da gwamnatin Nazi ke ɗaukakawa. A 1938 ya bar Jamus ya koma Faris.

A 1965 wani marubuci ɗan Japan, Shibusawa Tatsuhiko, ya yi rubutu a kan Bellmer a wata mujalla tare da hoton aikinsa. Wani saurayi mai suna Yotsuya Simon, wanda da ma yana yin 'yan tsana, ya ga hoton ya sake salon aikinsa gaba ɗaya, har ya buɗe makarantar koyar da wannan sana'a a Tokiyo a 1978. Irin ya faɗi a ƙasa mai danshi, domin mutanen Japan sun daɗe da girmama 'yar tsana. Suna da bikinta na 'yan mata ran 3 ga Maris kowace shekara, kuma tun zamanin Edo suna da wata mai lanƙwasuwa a wuri 3, wadda ke iya durƙusawa irin zamansu, ana kuma sauya mata kimono. Amma dai har wannan lokaci mai gaɓoɓin ƙwallo aikin gwanaye ce, ɗaya-ɗaya ake yin ta, a kai ta ɗakin nuni a kalla.

Shekarar 1999 da Abin da Ya Biyo Baya

Kamfanin Volks ya fara ne a 1972 a matsayin ɗan kantin kayan wasa na harhaɗawa a birnin Kiyoto. Mafi yawan masu cinikinsa maza ne, waɗanda suka saba sayen mutum-mutumi a warwatse su haɗa su yi masa fenti da kansu. A 1999 kamfanin ya fitar da Super Dollfie, 'yar tsana mai kusan santimita 60, wadda aka zuba da wani irin ƙaro na haɗin masana'anta da ake kira rezin. Sabon abin da ta zo da shi shi ne an yi ta da nufin mai ita ya sake ta. Ƙoƙon kanta na buɗuwa a sauya idanu, gashinta hula ce da ake cirewa, hannu da ƙafa ana kwance su a sa wasu, fuskar ma ana iya goge ta a zana wata. Mata suka karɓe ta hannu bibbiyu. Cikin 'yan shekaru kamfanonin Koriya ta Kudu, irin su Luts da Dollshe, suka shigo, daga baya na ƙasar Sin irin su Dollzone suka biyo da farashi mai sauƙi. Girman ya kasu kashi 3 da aka fi sani: mai kimanin santimita 60, watau sulusin mutum, mai 40 da 'yan kai, watau rubu'i, da ƙarama mai kusan 26, watau sudusi.

Wanda ya sayi irin wannan sau da yawa takan iso masa tsirara, ba gashi, ba gira, bayan ya yi jiran watanni, don sai an biya ake zubawa. Daga nan aikinsa ya fara. Zai fesa wa fuskar wani ruwa mai sa launi ya kama, yana sanye da takunkumi domin shaƙarsa na cutar da huhu, haka ma ƙurar rezin idan ana goge shi da samfefa. Sai ya kankare allin launi ya shafa da buroshi a kumatu da leɓe, ya sake fesawa, ya ƙara wani, har sau da dama. Gira kuwa gashi ɗaya-ɗaya ake ja. Fenti mai maiƙo ba ya zuwa kusa, don yakan shige cikin ƙaron ya ƙi fita, kuma hasken rana na sa jikin ya koma rawaya.

Ɗinkin shi ne inda ake gane gwani. An rage mutum zuwa sulusi, amma ba a rage kaurin yadi ba. Yadin da ke zuba lif a jikin mutum, idan aka ɗinka wa 'yar tsana shi sai ya tsaya ƙiƙam kamar buhu. Dole a nemi mai shara-shara, mai ƙananan zane, a rage bakin ɗinki zuwa 'yan milimita kaɗan, a nemo maɓallin da bai fi ƙwayar dawa ba. Hannun riga yakan yi ƙanƙanta har ƙafar keke ba ta shiga, sai a ɗinka shi a shimfiɗe kafin a haɗa gefe, ko a koma ga allurar hannu. Baƙin yadi da ja sukan zuba su ɓata jikin, saboda haka akan wanke su tukuna, a kuma yi musu shafi da fari. Har ila yau, tafin hannunta ba ya tanƙwashewa kamar na mutum, don haka akan cire shi kafin a zura riga. Waɗanda suka ƙware sun mai da abin sana'a, suna kai kayansu taron masu sha'awa irin wanda Volks ke shiryawa a Tokiyo.

Matsalar Jabu

Abin da ya sami Faransa a 1899 ya dawo da wata kama. Mai sassaƙa yakan yi watanni yana gyara fuska ɗaya, kuma yawancin masu wannan aiki ƙananan kamfanoni ne, wasu ma mutum ɗaya ne rak. Sai wani ya sayi guda, ya kwafi siffarta a mazubi, ya riƙa zuba jabu yana sayarwa da arha. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Akan gane jabun domin takan ɗan fi ta ainihi ƙanƙanta, kuma ba ta da takardar shaida. Wannan magana ta raba kan masu sha'awar. Wasu na cewa tsada ce ta kai su, tun da ta ainihi kan ci ɗaruruwan daloli. Wasu kuwa sun hana shiga da jabu tarukansu. A ganina na biyun sun fi hujja, don Jamusawa nasu suka ƙera suka karya farashi, mai jabu kuwa gumin wani yake sayarwa, kuma ranar da mai sassaƙa ya gaji ya ajiye aiki, shi ma ba shi da abin kwafa.

Kammalawa

Mun ga yadda wannan 'yar aba ta taso daga yumɓun Girka da hauren Rum, ta bi ta shagunan telolin Faris, ta ratsa Balin, ta sauka Kiyoto. Masu ƙira sun sauya, kayan ƙira sun sauya, amma har yau sai an sami mai zare da allura take cika. Darasin da nake so 'yan'uwana ɗalibai mu ɗauka shi ne, da Turawa da mutanen Japan ba su adana nasu sun rubuta ba, da ban sami abin faɗa a nan ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ina fata wani daga cikinmu zai zauna da iyayenmu mata ya ji yadda suke yin tasu 'yar tsanar, da irin ƙyallayen da suke roƙa wurin tela, da yadda ake shirya bikinta, ya rubuto wa wannan mujalla tun masu sanin suna raye.

Allah ya sa mu dace, amin.